Hannun Makaɗi a Bangon Faifai: Daga Zangon Agege Zuwa Kasuwar Jankara

Bayan sadakar arba'in ɗin Kawu, muka taru a ɗakinsa da ke Zangon Agege don a buɗe adakarsa. Abin da aka zata shi aka tarar: takardun gida, littafin bashin 'yan goro cike da ajami, Dala'ilu mai bangon fata, da 'yan riguna biyu da ya keɓe wa ranakun Salla. Can a ƙasa kuma, naɗe cikin tsohon rawani, sai ga faifan garmaho ƙarami, irin mai waƙa ɗaya a kowane gefe. Ba wanda ya san da shi, in ban da Inna, matarsa.

A jikin takardar da aka saka faifan akwai rubutu iri biyu. Na sama na boko ne, da shuɗin biro, manyan baƙaƙe masu karkata, an zana 'yar jita a ƙarshensu, an rubuta 1974. Na ƙasa ajamin Kawu ne, wanda na sani tun ina yaro. Ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da na garinmu, sannan ya ƙara da cewa mai kiɗan ne ya rubuta masa na sama da hannunsa.

"Ɗan nan, ai kawunka ya so mutumin nan," in ji Inna. Ta ce wani Bayarabe ne mai kaɗa jita a wani otal kusa da tashar jirgi duk daren Asabar. Kawu yana saurayi a lokacin, yaron shago ne a wurin masu ɗaurin huhun goro. Ba ya shiga ciki, a bakin katanga yake tsayawa ya saurara, in an tashi ya miƙa wa makaɗin farin goro biyu. Ranar da mutumin ya fitar da faifai, Kawu ya tara kuɗi ya saya, ya kai masa, ya ce a sa masa hannu.

Makaɗin bai yi suna ba. A Agege ta yau sai an tona kafin a sami mai tuna shi. Amma shekara kusan hamsin wani Bahaushe ya adana rubutun hannunsa a wuri ɗaya da takardun gidansa. Wannan ne ya sa na bi sawun al'adar karɓar sa hannun makaɗan jita a tsakanin Hausawan Ikko, wato Legas.

Goro ne ya kafa Hausawa a Agege. A da fatake kan tafi har Gwanja su ɗauko shi, wani kuma ya biyo jirgin ruwa ya sauka a Ikko. Da manoman Agege da Ota da ƙasar Ijebu suka rungumi shuka shi a farkon ƙarni na ashirin, layin dogo kuma ya isa Kano a 1911, sai tashar Agege ta zama mahaɗa. Goro ya hau jirgi ya yi arewa, shanu su sauko kudu. Dillalai da masu masauki da mahauta da 'yan dako suka yi zango, zangon ya zama unguwa mai sarkinta da limamanta da makarantun allonta. Har gobe mayankar Oko-Oba tana nan cike da mutanenmu.

Wanda ya zauna a Agege a shekarun 1960 da 1970, ko yana so ko ba ya so, jita ta shiga kunnensa. Tana fitowa daga rediyon mai shayi, daga lasifikar mai sayar da faifai, daga rumfar biki da aka tare titi da ita. Legas ta lokacin garin jita ce. Bobby Benson yana da gidan rawarsa na Caban Bamboo a kan titin Ikorodu. Victor Uwaifo, ɗan Binin da ya goge a ƙungiyoyin Legas, ya fitar da "Joromi" a 1965, faifan ya yi kasuwar da ta kai aka ba shi kyautar faifan zinare. Ebenezer Obey da King Sunny Adé suka riƙe kiɗan juju, kowanne da jita uku ko huɗu suna zance da juna a kan gangunan Yarabawa. Daga gabas ga Oliver De Coque, ga Prince Nico Mbarga wanda "Sweet Mother" ɗinsa ta 1976 ta shiga kowane lungu na ƙasar nan. Kamfanin EMI yana da ɗakin ɗaukar sauti a Apapa, inda Paul McCartney ya zo ya yi aikin faifansa "Band on the Run" a 1973, kuma kamfanin nan dai shi ya fitar da faya-fayan Mamman Shata da dama. Ke nan kalangu da jita a shago ɗaya ake sayar da su, a kan kanta ɗaya.

Kunnen Bahaushe bai ji jita a matsayin baƙuwa ƙwarai ba, domin ya saba da tsirkiya. Yana da garaya ta mafarauta da 'yan bori, yana da molo, yana da gurmin Haruna Uji, yana da kukumar Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam. Yana da kuntigin Ɗan Maraya Jos, ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak, amma ya zaga duniya da shi. Mutumin da ya san abin da yatsa ke iya yi da tsirkiya ɗaya, ba sai an yi masa bayanin abin da za a yi da shida ba.

Abin da ya zo mana baƙo shi ne sa hannun.

A al'adarmu makaɗi ne ke riƙe sunan masoyinsa. Kai za ka je wurin wasa, ka yi liƙi, ka yi kyautar riga ko doki ko mota, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, mawaƙi ya ɗauki sunanka ya saka a waƙa. In ka isa, a yi maka take, wanda ko daga nesa aka kaɗa kowa ya san da kai ake. Attajirai da direbobi da 'yan kasuwa nawa ne da yau ba a san kabarinsu ba, amma sunansu yana raye saboda Shata ya ambace su? Su ma mawaƙan juju haka suke yi da nasu manyan, shi ya sa Alhazan goro da na shanu ba su sha wahalar gane tsarin ba. A wajen marubuta waƙa kuwa, sa hannun a cikin waƙar yake. Sha'iri kan rufe waƙarsa da ambaton sunansa da na garinsa a baitocin ƙarshe, wani lokaci ya ƙara da ramzi, wato haruffan da in aka lissafa su za su ba da shekarar da aka yi waƙar. Mai kwafar littafi ma kan rubuta sunansa a shafin ƙarshe ya roƙi mai karatu addu'a. Mun san darajar rubutun hannu tun kafin biro ya zo. Sai dai rubutun malami muke nema, don ilimi da albarka. Ba a saba zuwa wurin makaɗi neman rubutu ba, kuma da yawa daga manyan makaɗanmu ba su yi boko ba. Shata da kansa bai zauna a ajin boko ba, ko da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

To, me ya kai yaron shago ga miƙa faifai da biro? Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: sa hannu shi ne ambaton talaka. Wanda ba shi da abin da zai sa a kira sunansa a lasifika, yana iya samun minti ɗaya da makaɗi ya tsaya, ya dube shi, ya tambayi sunansa, ya rubuta wani abu dominsa shi kaɗai. Ba a biya, ba a sanarwa, ba maroƙi a tsakani. Ga wanda ya taso a inda ake auna kusanci da mawaƙi da nauyin aljihu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma kunya. Ɗan Zango da ake gani a sahun gaba a masallaci ba zai so a ce an gan shi a ƙofar otal ba, ko da kiɗa kawai ya kai shi. Hoto yana tona asiri, rubutu kuwa a naɗe shi a kai ƙasan adaka. Ina jin shi ya sa irin waɗannan takardu ba sa fitowa sai ranar rabon gado.

Lokacin da sa hannu ya fi samun kasuwa a Legas shi ne bikin FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Makaɗa daga ko'ina cikin Afirka da Amurka da Barazil suka cika gari, ana wasa a babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Iganmu. Stevie Wonder ya zo, Miriam Makeba ta zo, Gilberto Gil ya zo da jitarsa, ƙungiyar Bembeya Jazz ta Gini ta zo da Sékou Diabaté, wanda ake wa laƙabi da mai yatsun lu'ulu'u. Akwai takardun shirin wasa da faya-fayai da hotuna, wato akwai abin da za a miƙa a rubuta a kai. Cikin waɗanda suka yi aikin shirya kiɗan bikin har da namu, Bala Miller, ɗan gidan Miller na Zariya, wanda aka haifa a 1928. A Legas ya yi karatu, a makarantar CMS Grammar School, ya yi aiki da Victor Olaiya, daga baya ya kafa ƙungiyarsa ta Pyrameeds, ya zuba Hausa a kan jita da ƙaho, "Ikon Allah" ta fito daga nan. Ya rasu a 2003. In da akwai wanda ya cancanci a ce kowane gidan Bahaushe mai son kiɗan zamani yana da rubutun hannunsa, to shi ne.

Kwana shida bayan rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairu, sojoji suka ƙona gidan mawaƙi Fela na Kalakuta. Cikin maƙwabtan da abin ya shafa akwai Fatai Rolling Dollar, tsohon makaɗin jita da agidigbo wanda Ebenezer Obey ya koyi sana'a a hannunsa. Kayan kiɗansa suka salwanta, ya shiga wani hali, aka manta da shi fiye da shekara ashirin. Sai a farkon shekarun 2000 kamfanin Jazzhole na Ikoyi ya sake fito da shi, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya ya dawo yana cika wuraren wasa, gwamnatin jihar Legas ta ba shi gida a Oko-Oba. Ya zama maƙwabcin Hausawan Agege ke nan har zuwa rasuwarsa a Yunin 2013. Duk lokacin da na tuna shi sai in tuna makaɗin Kawu. Shi Fatai an sami masu nemo shi yana da rai. Ɗaruruwa irinsa ba su yi wannan dace ba.

Inda kayan irin waɗannan mutane ke ƙarewa shi ne Jankara.

Kasuwar tana Tsibirin Legas, ba nisa da Idumota, kuma tun fil azal an san ta da kayan gwanjo. Akwai masu tsakiya da duwatsun ado, masu saiwoyi da sassaƙe, masu gyaran agogo, masu kayan keke, masu tsofaffin kaset. Hausawa 'yan koli da 'yan gwangwan suna cikin masu ciyar da ita, domin su ne ke bin unguwa-unguwa da kura suna sayen abin da aka gaji da shi. In tsoho ya rasu, 'ya'ya suka share ɗaki, sai a kira mai kura ya kwashe tsohuwar rediyo da fanka da kwalin faya-fayai a dunƙule, a yi ciniki a kan kuɗi kaɗan. Daga nan kaya su rarrabu: ƙarfe ya tafi wurin masu awo, abin da ke da sauran amfani ya nufi rumfunan gwanjo.

Abin da ya fi taɓa ni a irin waɗannan rumfuna shi ne yadda ake kallon rubutu a bangon faifai. A wurin mai saye na yau da kullum, bangon da aka yi wa rubutu ya lalace, har ma a nemi ragi saboda shi. Bangon da ruwa ya taɓa kuwa yarwa ake yi, a bar faifan tsirara. Ga damshin Legas da ke cin takarda, ga gara, ga gobara. Ranar 26 ga Disamban 2012 wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya fashe a yankin Jankara, wuta ta ci gine-gine da dama. Faifai yana iya jure shekaru a cikin ƙura, amma takarda ba ta da wannan ƙarfi, kuma a takardar ne mutane suke: wane ya saya, a ina, yaushe, wa ya ba wa.

Baƙi sun riga mu gane darajar waɗannan kaya. Tun da kamfanin Strut na Ingila ya fitar da tarin waƙoƙin "Nigeria 70" a 2001, Soundway kuma ya biyo da "Nigeria Special" a 2008, masu farautar tsofaffin faya-fayai daga Turai da Amurka da Japan suka riƙa shigowa Legas da Binin da Onica suna kwasa. Ba na ganin laifinsu, don da yawan waƙoƙin da suka sake bugawa da yanzu sun ɓace. Amma abin da ya tafi ya tafi. A can, sa hannun makaɗi dukiya ce da ake gwanjonta. A 2005 an sayar da wata jita ƙirar Fender a Doha a kan dala miliyan 2.7, don tara kuɗin taimakon waɗanda ambaliyar tsunami ta shafa, kuma abin da ya ba ta wannan daraja shi ne sa hannun mutane irin su Eric Clapton da Jimmy Page da Keith Richards. Inda kuɗi ya kai haka, jabu ma yana yawa, shi ya sa suke da masu tantancewa. Na Kawu ba ya bukatar mai tantancewa. Shaidarsa tana ƙasansa, da ajami.

A Arewacin Nijeriya jita ba ta yi saiwa ba. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, fiyano ce ta ci kasuwa, mutum ɗaya a ɗaki ɗaya ya fitar da sautin ganga da sarewa da komai. Ƙetaren iyaka ne jita ta sami gida, a hannun Abzinawa. Abdallah Oumbadougou ya buɗe hanya a Nijar lokacin tawayen shekarun 1990, sa'ad da ake yawo da kaset ɗinsa a ɓoye. Bombino ya fito daga Agadas ya kai ga shiga takarar kyautar Grammy da faifansa "Deran" na 2018. A Yamai akwai Tal National, masu rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci. Mdou Moctar, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, "Anar", a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa.

Waɗannan su ne makaɗan jitar da za ka ji a Agege da Idi-Araba da Obalende a yau. Bi ta ƙofar wani gida da dare, inda maigadi ɗan Tawa ko Abalak ya ɗora butar shayi a kan gawayi, za ka ji jitar hamada tana fita daga ƙaramar waya. Masoya ne na gaske, sun san kowace waƙa, sun san wane ne ya koya a hannun wane. Amma ba su da abin da za su miƙa a sa musu hannu. Waƙoƙin Mdou ta waya suka yaɗu, daga mimori zuwa mimori, kafin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ya saka a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar. Yau ana buga faya-fayan Mdou a Amurka, bayan wasa Turawa su yi layi ya sa musu hannu a bango. Ɗan garinsu da ke gadi a Ikeja, wanda ya fi su jin abin da waƙar ke faɗa, waƙa kawai gare shi a waya. In Allah ya haɗa shi da makaɗin, hoto za su ɗauka. Hoton yana da daɗi, amma yana tafiya ranar da wayar ta faɗa kwata ko aka sace ta a cikin danfo.

Ba ina cewa a koma zamanin garmaho ba ne. Damuwata ita ce tarihin Hausawan kurmi kusan duk a baka yake, kuma ɓangaren da ya shafi nishaɗinsu shi aka fi ɓoyewa. Muna da labarin sarakunan Zango da na manyan dillalai da na malamai. Ba mu da labarin abin da yaron shago ke saurare in ya tashi aiki, ko wane Bayarabe ya ɗauka aboki ba tare da suna jin yaren juna sosai ba. Gidan Arewa da ke Kaduna yana adana rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami, kuma aiki ne mai kyau. Ina fata wata rana a sami wanda zai ɗauki bangon faifai mai ɗauke da ajamin ɗan goro a matsayin takardar tarihi shi ma. Kafin nan, roƙona ga duk wanda aka buɗe adakar mahaifinsa a gabansa shi ne ya duba bayan kowace takarda kafin a kira mai kura.

Faifan Kawu ya faɗo a rabona, don ba wanda ya nuna yana so. Ba ni da abin kunna shi, sai na ɗauke shi na tafi Jankara, na yi ta tambaya har aka nuna mini wani dattijo mai gyaran tsofaffin rediyo a wani lungu. Ya karɓa da hannu biyu, ya hure ƙura, ya goge da tsumma, ya ɗora allura.

Sai da aka yi ɗan ƙara kamar ana soya gyaɗa, sannan jita ta shigo, siririya, tana hawa tana sauka, ganga na bin ta a hankali. Na kasa kunne sosai a wurin da mawaƙin ya fara jero sunaye, ko zan ji na Kawu. Ya kira wani mai motocin haya, ya kira wata uwar kasuwa, ya kira wani Alhaji mai gidaje. Waƙa ta ƙare. Muka juya ɗaya gefen, nan ma haka.

Dattijon ya ɗaga takardar yana duban rubutun sama, ya ce ya taɓa ganin mutumin nan yana wasa. Ya nuna na ƙasa ya ce, "Malam, wannan fa?" Na karanta masa. Ya yi shiru, can ya tambaye ni ko zan sayar.

Na ce, "Albarka, Baba."

Na biya shi ladan aikinsa, na mayar da faifan cikin takardarsa, na naɗe da rawanin Kawu, na fita neman motar Agege kafin cunkoson yamma ya fara.